TSORON KAKI DA TSORON ALLAH: NASIHA GA SAMARIN MADABO A KAN SHAYE-SHAYE

GABATARWA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya fifita shi a kan dabbobi da ni'imar hankali. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, akwai wani abu da ya zama ruwan dare a makarantun Kano a 'yan shekarun nan, mai yiwuwa ma ƙaninka ya taɓa dawowa gida da labarinsa. A kaɗa ƙararrawa, a tara yara a filin makaranta, sai ga mutane sanye da kaki sun shigo. Wani lokaci 'yan sanda ne, wani lokaci kuwa jami'an hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, watau NDLEA. Su tsaya gaban yara su yi musu bayanin wiwi da kodin da tiramol, su faɗa musu ɓarnar da waɗannan abubuwa ke yi wa ƙwaƙwalwa, su ambaci shekarun da ake yi a gidan yari, sa'an nan su ce musu kowa ya yi wa kansa zaɓi nagari. A tafa, a ɗauki hoto, a watse.

Samarinmu sun rabu gida biyu a kan wannan. Wasu suna cewa madalla, gwamnati ta ɗauke mana nauyi. Wasu kuwa suna cewa ai wasan kwaikwayo ne, me ɗan sanda zai koya wa ɗan Musulmi? To, dukkansu ba su dace da daidai ba. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: shin tsoron hukuma ya isa ya sa yaro ya zaɓi alheri? In bai isa ba, sauran aikin yana wuyan wa?

ABIN DA YA KAWO KAKI CIKIN AJI

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairu na 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai sa maye wanda ba giya ko taba ba a cikin shekara guda. Daga ciki, miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuwa maganin tari. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mutum 16 cikin 100, watau sama da mutum miliyan ɗaya. Kafin nan, a watan Afrilu na 2018, gidan rediyon BBC ya fitar da wani fim da ya tona yadda ake karkatar da maganin tari mai kodin daga kamfanoni zuwa hannun matasa, Kano tana cikin wuraren da aka nuna. Ranar 1 ga Mayu na wannan shekarar Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi.

Ita hukumar NDLEA an kafa ta da Doka ta 48 ta 1989. Ranar 26 ga Yuni, 2021, a ƙarƙashin shugabancin Janar Buba Marwa mai ritaya, aka ƙaddamar da shirin wayar da kai da ake kira WADA, wanda shi ne ke kai jami'anta makarantu da kasuwanni da tashoshin mota da wuraren ibada. 'Yan sanda ma suna da nasu shirin mai suna POCACOV, na gargaɗin yara game da ƙungiyoyin asiri da miyagun ɗabi'u.

Yanzu ka dubi inda kake zaune. Littafin tarihin Kano ya ambata cewa Wangarawa sun zo daga Mali da addini a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, jagoransu kuwa Abdurrahman Zaite. Da su ake danganta masallacin Madabo da makarantarta. Shekaru aru-aru almajirai suna tahowa daga garuruwa masu nisa domin su karanta fiƙihun Malikiyya a zaurukan wannan unguwa, musamman Mukhtasar na Shehu Halilu, har sarautar Babban Malami ta kafu a nan. Unguwar da duniya ke zuwa ta koyi halal da haram, yau ga shi an wayi gari sai an turo ɗan sanda ya gaya wa jikokinta cewa abin da ke gusar da hankali ba shi da kyau. Wannan abin kunya ne, amma kunyar ba a kan ɗan sandan take ba. A kanmu take.

SHIN A SAURARE SU?

Wani zai ce: Malam, yaya za a yi mu karɓi nasiha daga mutanen da ake zargin wasunsu da karɓar na goro a hannun dillalai? Sai mu ce: amsarka tana da fuska uku.

Ta farko, gaskiya ba ta zama ƙarya don bakin da ya faɗe ta. Imamu Buhari ya ruwaito ƙissar Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, lokacin da aka sa shi gadin abincin zakkar fidda kai. Wani ɓarawo ya riƙa zuwa dare uku a jere, a dare na uku ya fanshi kansa da koya wa Abu Huraira karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta. Da aka kai wa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, labari, sai ya tabbatar da maganar, ya kuma bayyana cewa mai maganar Shaiɗan ne, maƙaryaci. To, in an karɓi gaskiya daga wannan, ina ga ɗan'uwanka Musulmi wanda kuke haɗa sahu ranar Juma'a, kakinsa kawai ya bambanta ku? Kuma ka ji tsoron Allah kada ka yi musu kuɗin goro. A cikinsu akwai masu amana, akwai waɗanda aka kashe a bakin aiki suka bar marayu.

Ta biyu, hana ɓarna aikin hukuma ne a Musulunci tun asali. Akwai mutanen da wa'azi ba ya ratsa su sai sun ga ankwa. Dillalin da ke sayar wa ɗan shekara 13 ƙwaya ya san haramun ne, ya sha jin huɗuba, riba ce ta rufe masa ido. Irin wannan maganinsa hukuma.

Ta uku, Allah Ya umarce mu a farkon Suratul Ma'ida, aya ta 2, da taimakekeniya a kan alheri. Manzon Allah tun yana saurayi ya halarci wani alkawari da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana na tsaya wa wanda aka zalunta, bayan annabci kuma ya yabi wannan alkawari, alhali waɗanda suka ƙulla shi mushirikai ne. Saboda haka in jami'i ya zo makarantar ƙaninka domin ya raba shi da ƙwaya, ka yi masa maraba. Wanda ya yi masa ihu ko ba'a, dillali ya taimaka wa ko ya sani ko bai sani ba.

"AI MAGANI NE, BA GIYA BA"

Kafin mu wuce, bari mu kawar da wata shubuha da ke yawo a majalisun samari. Suna cewa giya aka ambata a Alƙur'ani, kodin kuwa magani ne, a kemis ake sayar da shi. Ka sani, malamai ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa hukuncin giya ya haɗa da duk abin da ke sa maye. Lokacin da wiwi ta yaɗu a Misira da Sham, malamai sun yi magana a kanta. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya sa ta cikin abubuwa masu ɓata hankali a littafinsa Al-Furuƙ. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya sa ta cikin masu sa maye, ya ce a yi wa mai shanta haddi. Sun saɓa a kan irin hukuncin da za a yi wa mai sha, amma ba su saɓa ba a kan haramcin gusar da hankali da ita.

Magani kuwa yana zama magani ne in likita ya rubuta, da awo, saboda ciwo. Tiramol ɗin da ake bai wa majiyyaci a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa ana sayar wa samari mai 200 ne, ko 225, ko 250. Wane ciwo gare ka da ya kai haka? Kuma jiki sabawa yake yi. Abin da ya ɗauke ka bara ba zai ɗauke ka bana ba sai ka ƙara. In ka daina, jiki ya kama ciwo, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi ƙunci, har ka koma. Da farko mutum yana sha ne don ya ji daɗi, daga baya kuwa don kawai ya daina jin azaba. Wannan shi ne bauta, ko da ba a sa wa mutum mari a ƙafa ba.

IYAKAR TSORO

To, mun yarda a saurari jami'i. Amma kada ka ce shi ke nan an gama. Tarihi ya nuna mana iyakar abin da tsoro zai iya yi.

A nan Nijeriya, gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20 a 1984, mai hukuncin kisa ga masu fataucin hodar iblis da makamantanta. A watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Legas. Ina tsoron da ya wuce wannan? Amma ko shekara biyar ba a yi ba sai da aka ga dole a kafa hukuma sukutum saboda abin ƙaruwa ya yi.

A Amurka kuma, a 1983, 'yan sandan birnin Los Anjalis suka fara wani shiri mai suna DARE, inda ɗan sanda cikin kaki ke shiga aji yana koya wa yara ƙin ƙwaya. Shirin ya bazu har ya shiga mafi yawan gundumomin makarantun ƙasar, aka kashe masa maƙudan kuɗi. Iyaye suna so, malamai suna so, 'yan siyasa suna so. Da masu bincike suka auna a 1994, sai suka ga tasirinsa kaɗan ne ƙwarai. A 1999 aka fitar da wani binciken da ya bi sawun yara wajen 1,000 har shekara 10, aka tarar babu wani bambanci tsakanin waɗanda suka ji laccar da waɗanda ba su ji ba. Sai a 2009 suka canja manhajar, suka rage tsoratarwa, suka koma koya wa yara yadda ake yanke shawara da yadda ake ƙin tayin aboki.

Ita dai Amurkar ta haramta giya da doka daga 1920 zuwa 1933. 'Yan sanda suka yi ta fasa ganguna suna kame, 'yan fasa-ƙwauri suka yi ta kuɗancewa, daga ƙarshe gwamnati ta gaji ta janye dokar.

Yanzu ka kwatanta da Madina. Larabawa mashaya ne na ƙin ƙarawa. Ba a fara musu da hani ba. Shekara 13 aka yi a Makka ana gina tauhidi da sanin lahira. Bayan Hijira aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta auna musu cutar giya da amfaninta, aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta raba ta da lokutan salla, sa'an nan aya ta 90 da ta 91 ta Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana cikin shayar da baƙi a gidan Abu Ɗalha mai shela ya yi shela. Ba su jira ɗan doka ba, ba su ce bari mu ƙarasa na hannu ba. Aka tuntsurar da tuluna har ta gudana a lungunan Madina. Uwar Muminai A'isha ta bayyana sirrin abin, cewa da hanin ne ya fara sauka kafin zukata su nutsu da imani, da mutane sun ƙi bari.

Bambancin a fili yake. Ɗan sanda yana tashi daga aiki, yana barci, ana yi masa canjin wurin aiki. Tsoronsa yana ƙarewa daidai inda idonsa ya ƙare. Yaron da tsoron kamu kaɗai ya hana shi sha, abin da ya koya shi ne ɓuya. Ranar da ya sami kango mai duhu, ya ga babu mai ganinsa, ba abin da ya rage masa.

MENE NE ZAƁI?

Jami'an suna ce wa yara su yi zaɓi nagari. Kalma ce mai kyau, kuma tamu ce. A shari'a ba a ɗora wa mutum nauyi sai da sharaɗi biyu: balaga da hankali. Malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi, sun ce shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Dubi matsayin hankali a cikinsu. Da shi ake sanin Allah, da shi ake tsare sauran huɗun. Mai maye zai bar salla, zai soki abokinsa da wuƙa a kan waya, zai faɗa wa 'yar mutane, zai sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa. Shi ya sa shan ƙwaya ya bambanta da sauran zunubai: shi ne zaɓin da ke cinye ikon yin zaɓi. Kuma hankalin nan ba mallakarka ba ne da za ka ce jikina ne, ina ruwan wani. Amana ce aka ba ka, za a tambaye ka.

Sai dai ka lura da inda ake yin zaɓin. Ba a filin makaranta ake yinsa ba, da hantsi, gaban firinsifal. A can kowane yaro zai ɗaga hannu ya ce ba zai sha ba, kuma da gaske yake. Ana yinsa ne bayan sallar Isha, a bakin lungu, ko a gidan kallon ƙwallo, ko a wurin biki. Wanda zai miƙo masa kwalbar lemon da aka haɗa ba baƙo ba ne mai jan ido. Abokinsa ne da suka yi makarantar allo tare, ko wani yaya da yake ganin girmansa. Zai ce masa, kurɓi mana, ko kai har yanzu yaro ne? A wannan lokaci yaron nan bai tuna Kurmawa ba, bai tuna Goron Dutse ba, bai tuna hanta ko ƙoda ba. Abu ɗaya yake tsoro, kada a yi masa dariya. Likitoci ma sun ce ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna ƙarshen al'amari ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ga ƙuruciya, ga kunyar abokai, ga duhun dare. Laccar awa ɗaya da aka yi wata uku da suka wuce ba za ta iya da waɗannan ba ita kaɗai.

Abin da zai tsayar da shi abu uku ne. Ya san Allah yana ganinsa a lungun kamar yadda Yake ganinsa a masallaci. Ya zamana yana da wasu abokai da zai koma wurinsu in waɗannan sun kore shi. Ya zamana kuma akwai wani babba da yake jin nauyinsa, wanda ba zai so ya ji labari ba. Duk ukun nan ba wanda ake bayarwa a lacca. Da zama tare ake samunsu, yau da gobe. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, Manzon Allah kuma ya buga misalin abokin kirki da mai sayar da turare, abokin banza da mai zuga wutar maƙera.

Har waɗanda ba Musulmi ba sun gano wannan. A ƙasar Aisland da ke arewacin Turai, a 1998, kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Ba da yawan lacca suka yi ba. Sun sa iyaye su ƙara zama da 'ya'yansu, su san abokansu, sun hana yara yawon dare, sun cika musu lokaci da wasanni da koyon abubuwa a hannun manya. Wannan fa shi ne tsarin zaure da kakanninmu suka san shi a Madabo: yaro yana gaban malami da asuba, yana wurin sana'a da rana, yana karatun dare, kuma duk babban da ya gan shi a inda bai dace ba yana da ikon tsawata masa. Mu muka saki, wasu suka tsinta.

KAI NE MALAMIN

Mahaifin yaron nan yana Kurmi ko Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai tun safe, ba ya dawowa sai dare. Mahaifiyarsa tana cikin gida, ba ta san abin da ke gudana a waje ba. Liman yana ganinsa minti goma. Ɗan sanda yana ganinsa sau ɗaya a shekara. Wa yake gani kullum? Kai. Kai da ka girme shi da shekara biyar ko bakwai, irin askinka yake so, irin tafiyarka yake kwaikwaya, ƙungiyar ƙwallon da kake goyon baya ita yake goyon baya. Ko ka so ko ka ƙi, kana koyar da shi. Abin da ya rage kawai shi ne me kake koya masa. Hadisi ya tabbata cewa kowa makiyayi ne a kan abin da ke ƙarƙashinsa, ba a kuwa ce sai mai aure ko mai rawani ba.

Saboda haka ga abin da ake nema gare ka:

1. Ka fara da kanka. In kana shan wani abu, ko sigari ne ko shisha, ka nemi rabuwa da shi. Kada ka kuskura ka aiki yaro sayen taba ko ƙwaya. Yara da yawa a hanyar aike suka fara ɗanɗanawa.

2. Ka san inda ƙaninka yake daga Magariba zuwa lokacin barci, ka san sunayen abokansa da gidajensu. Ba da duka ba, ba da leƙen asiri ba. Ka ja shi a jiki har ya riƙa gaya maka da kansa.

3. Ka koya masa abin da zai faɗa in an miƙo masa. Ku gwada, kai ka zama mai tayin, shi ya ƙi. Ka ba shi izini ya fake da kai, ya ce yayana zai ji. Yaro da yawa ba sha yake so ba, hanyar zamewa ce bai sani ba.

4. Ku cika musu lokaci. Ku samari biyar ko shida na lungu ɗaya kuna iya raya karatun dare a zaure, ku kafa musu ƙungiyar ƙwallo wadda ake tashi in an kira salla, ku kai marar sana'a wurin tela ko kafinta ko mai gyaran waya.

5. In jami'ai sun zo makaranta, da dare ka tambayi yaron me aka ce, ka ɗora masa da hukuncin Allah a kai. Ku nemi shugabannin Islamiyyarku su gayyato su, jami'i ya faɗi abin da ya gani a bakin aiki, malami ya faɗi abin da shari'a ta ce, a zama ɗaya.

6. Dillalin unguwa kowa ya san shi. Ku kai maganarsa ga mai unguwa da dattawa, a sanar da NDLEA ko 'yan sanda ko Hisba. Kada ku ɗauki doka a hannunku. Duka da ƙone-ƙone ba hana mummuna ba ne, wani mummunan ne aka ƙara.

7. In lokacin siyasa ya zo, duk wanda ya ba ka ƙwaya da makami don ka yi masa jagaliya, ka tambaye shi ina 'ya'yansa suke. Kada ka je, kada ka bari a tafi da ƙaninka.

WANDA YA RIGA YA FAƊA

Saura magana a kan ɗan'uwanmu da ya riga ya kamu. A zamanin Manzon Allah akwai wani sahabi mai suna Abdullahi, mai ban dariya, wanda aka sha kawowa ana yi masa bulala saboda giya. Wata rana wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi. Manzon Allah ya hana, ya kuma yi masa shaidar son Allah da Manzonsa. Buhari ne ya ruwaito. Ka ga an tsayar da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Mu kuwa yaya muke yi? Da an ce wane yana sha, sai a daina amsa sallamarsa, in ya shigo masallaci kowa ya janye takalminsa, a gida a kira shi ɗan ƙwaya. Ƙofa ɗaya ce ba a rufe masa ba, ta dillali. Wasu iyayen kuma su kai shi inda za a sa masa mari a yi ta jibga, da sunan gyaran hali. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, daga baya aka sami irinsa a Daura da Katsina. Wannan ba sunna ba ce, kuma ba magani ba ne. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya mai laifi ne, kuma majiyyaci ne. Yana bukatar tuba, yana bukatar likita. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai sashen kula da irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka raka shi da kanka. In ya dawo ka nema masa abin yi, ka riƙa biya masa in za ka masallaci. In ya koma ruwa, ka sake jawo shi. Ƙofar tuba ba kai ka buɗe ta ba, balle ka rufe.

RUFEWA

Ya kai ɗan'uwana, jami'in da ya zo makaranta ya sauke nasa nauyin gwargwadon ikonsa, Allah Ya saka masa. Ya faɗa wa yaron abin da zai same shi in an kama shi. Saura wanda zai koya masa abin da zai yi a inda ba mai kama shi, wannan kuwa sai wanda suke kwana gida ɗaya, suke shiga lungu ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka zaɓi yaro ɗaya a gidanku ko a maƙwabta, ka fara da shi daga daren yau.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da imaninmu. Allah Ya shiryi 'yan'uwanmu da aka jarraba, Ya ba su lafiya, Ya sanyaya zukatan iyayensu. Allah Ya ba shugabanninmu da jami'anmu ikon riƙe amana. Allah Ya mayar wa Madabo da sauran unguwanninmu hasken ilmi da aiki da shi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne Mafi sani.